Malam, Bulalar Nan Ta Isa Haka

Malam, da kai nake. Kai da ka share zango uku kana zane yaro guda kusan kullum, kuma har yau bai faɗo maka a rai ka tambayi kanka abin da ya sa dukan ya ƙi aiki ba. Ka sa shi kamun kunne, ka sa shi tsallen kwaɗo, ka durƙusar da shi a rana hannuwa sama, ka kira shi daƙiƙi a gaban 'yan ajinsu har sunan ya bi shi unguwa. Gari na wayewa ya dawo ya aikata abin da ka dake shi a kai jiya. Kai kuma sai ka ce kunnen ƙashi ne, ka ƙara yawan bulalar. Da duka yana gyara irin wannan yaro, da tun makon farko ya gyaru. Shekara guda kana abu ɗaya ba ka ga sauyi ba, ba ka kuma sake dabara ba. A nan laifin ya tashi daga kan yaro ya koma kanka.

Kowa ya san yaron da nake nufi, domin da wuya a sami ajin da babu irinsa. Idan malam zai fita ya bar wa monita takarda ya rubuta masu surutu, monita ba ya ma jira, sunansa yake fara sawa, don ya san ko bai yi yanzu ba zai yi an jima. Ku dube shi a kan benci: ƙafa na kaɗawa, murfin biro a baki ya taune shi, fensirin da aka saya masa shekaranjiya ya fiƙe shi da reza har ya koma guntu. Ku buɗe littafinsa. Kowane shafi an fara shi da kyau, layi uku ko huɗu, sai rubutu ya tsaya a tsakiyar jimla, sauran shafin fari fat ko zanen mota. Malam bai gama tambaya ba ya yi caraf ya amsa ba tare da ɗaga hannu ba, kuma sau da yawa amsar daidai ce, amma bulalar katsalandan yake sha. A gida a aike shi sayo gishiri da kuka da daddawa, ya dawo da gishiri kaɗai, canjin ma bai san inda ya yar ba. In an dake shi yana kuka da gaske, yana rantsuwa ba zai sake ba, kuma har zuciyarsa yake nufi. Kafin a tashi makaranta ya sake.

Likitoci suna da suna ga wannan hali idan ya kai wani matsayi: ADHD, larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi da gaggawar aikata abu kafin tunani. Na san abin da wasu za su ce, wai wannan cutar Turawa ce, sun ƙirƙiro ta ne saboda sun kasa tarbiyyar 'ya'yansu. Wannan magana ce ta wanda bai bincika ba. Tun 1798 wani likita ɗan Sikotilan, Alexander Crichton, ya yi rubutu a kan mutanen da ba sa iya tsayar da hankalinsu a kan abu guda tun suna ƙanana. A 1902 likitan yara George Still ya yi laccoci a Landan kan yara masu cikakken hankali da basira waɗanda ba sa iya kame kansu, kuma horo ba ya tasiri a kansu. A Ingila ta wancan zamani bulala ce ke mulkin aji, don haka ba rashin duka ya haifar da su ba. A 2007 Guilherme Polanczyk na ƙasar Brazil da abokan aikinsa suka tattara bincike fiye da 100 daga sassan duniya, suka ga kusan yara 5 cikin 100 ne ke da larurar, kuma bambancin alƙaluma tsakanin ƙasashe ya fi alaƙa da yadda aka yi ƙirga, ba da inda yaran suke ba. Ke nan malamin da ke da ɗalibai ɗari a gabansa, a ƙiyasi yana tare da kamar biyar daga cikinsu, ko ya yarda ko bai yarda ba.

Abin da ke faruwa a kan yaron ba sirri ba ne. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, shi ne ke ce wa mutum dakata tukuna, shi ke riƙe umarni a zuci har a kammala aiki, shi ke kawar da hayaniyar waje don a saurari abin da ke gaba. A wurin waɗannan yara, aikin wannan sashe yana da rauni, kuma sinadaran da ke isar da saƙo a cikinsa, musamman dofamin da noradirenalin, ba sa gudana yadda suke yi ga sauran yara. Wani bincike da Philip Shaw ya jagoranta a Amurka, aka buga a 2007, ya bi hotunan ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara tsawon shekaru, ya nuna cewa ɓawon ƙwaƙwalwar masu larurar yana jinkirin nuna da kusan shekara uku, kuma jinkirin ya fi yawa a wannan sashe na gaba. Ku auna wannan da kyau. Yaro ɗan shekara goma, wayonsa na ɗan goma ne ko ma fiye, amma ikonsa na kame jikinsa da bakinsa na iya zama kusa da na ɗan bakwai. Masanin nan Russell Barkley ya daɗe yana nanata cewa matsalar yaron ba rashin sanin doka ba ce, kasa aiki da abin da ya sani ne a daidai lokacin da ake bukata. Shi ya sa idan ka tsare shi ka ce me na hana, zai lissafo maka tsaf. Kai sai ka ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa da gangan yake yi. Ka yi wa hujjar gurguwar fahimta.

Sai a ce: ai in gidan kallon ƙwallo ne ko wasan waya, yana iya awa biyu bai motsa ba, to ina rashin natsuwar? Wannan ma yana cikin alamomin larurar. Abin da ke sauyawa kowane daƙiƙa, yake kuma ba da lada nan take, shi ke riƙe hankalin yaron daga waje. Kwafar rubutu daga allo na minti arba'in ba ta da wannan, dole sai yaro ya riƙe kansa da kansa, kuma abin da ya rasa ke nan.

Ku ma iyaye maza ba ku tsira ba. Da an kawo ƙarar yaro daga makaranta sai a juya kan uwa: ke kika sangarta shi, ke kika hana a taɓa shi. Ta kwana tana kuka, kishiya da dangin miji suna yi mata gori. Binciken da aka yi a kan tagwaye shekara da shekaru ya nuna gado ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka a wannan larura, sama da kashi 70 cikin 100. Alhaji, kafin ka ɗaga belt, je ka tambayi Hajiya yadda ka yi ƙuruciyarka, ko yadda ƙaninka ya yi tasa. Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi lokacin haihuwa su ma suna ƙara yiwuwarta. Sukari kuwa, da ake ta ɗora wa laifi, an gwada an sake gwadawa ba a same shi da haddasa ta ba.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce yarinyar da ba wanda ya lura da ita. Larurar ba kullum take zuwa da tsalle-tsalle ba. Akwai nau'in da rashin tattara hankali ne kawai, kuma ya fi ɓuya a cikin 'yan mata. Tana zaune a layin baya, hijabinta tsaf, ba ta surutu, idonta a kan allo amma hankalinta ya bi kukan awaki ta taga. Malama ta kira sunanta sau biyu kafin ta yi firgigit. A gida ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone. Tunda ba ta damun kowa, ba a dukanta sosai, sai dai a yi ta kiranta sakarai da shashasha, sakamakonta na ƙarshen zango yana ƙasa, har a yanke hukuncin cewa ba ta da kan boko, gara a cire ta. Yarinya mai basira ta bar makaranta a kan abin da ake iya taimaka mata a kai, ita kanta ta yarda cewa ita daƙiƙiya ce, ta kuma shiga gidan miji da wannan tabo.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya koma aji yana laƙaba wa duk mai ƙiriniya cuta. Yaro da motsi aka san shi. Ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sabunta a 2013 tana da tsauri: sai alamomi aƙalla shida na rashin natsuwa, ko shida na yawan motsi da gaggawa, sun tabbata tsawon wata shida ko fiye; sai sun fara bayyana kafin shekara 12; sai an gan su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da boko da Islamiyya; sai kuma suna cutar da karatunsa ko zamansa da mutane fiye da yadda ake gani ga sa'anninsa. Yaron da ke lafiya lau a ko'ina sai a ajin malami guda, a binciki ajin. Makarantun kuɗin da ke zaunar da ɗan shekara uku a benci tun safe har azahar yana kwafar haruffa, sannan su rubuto wa iyaye cewa ba ya natsuwa, su ne da gyara. An ma lura a ƙasashe da dama cewa mafi ƙanƙanta a aji sun fi samun wannan laƙabi, saboda kawai ana auna su da waɗanda suka girme su.

Ga kuma abubuwan da ke kama da larurar alhali ba ita ba ce, waɗanda a wajenmu suke da yawa. Yaron da ya fito ko koko bai sha ba. Wanda kunnensa ke zubar da ruwa, rabin maganar malam ba ya ji. Wanda ba ya hango allo. Mai ƙarancin jini, mai sikila, wanda ya kai tsakar dare yana talla. Akwai wata irin farfaɗiya da ba a faɗuwa, yaro ya yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi kawai ya dawo, sau da yawa a yini. Akwai yaron da ya tsere daga ƙauyensu cikin dare da ƙarar bindiga, yanzu ko ƙofa aka buga sai ya zabura. Kuma mu ne muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400. Dubban da suka rayu sun sha gubar su ma, kuma sananne ne dalma tana lalata natsuwa da fahimtar yaro. Har yau ana haƙar ma'adinai a yankuna da dama. Cikin duk waɗannan da na lissafa, a nuna mini guda ɗaya da dorina ke warkarwa.

Abin da ke biyo baya mun san shi, don a gabanmu yake faruwa. Duka ya ƙi ci, sai a ce iska ce ko sammu. Ba ni da ja da addu'a, kowane uba yana yi wa ɗansa. Abin da nake ja da shi shi ne a yi shekaru ana yawo da yaro ana turare shi, ana tsare shi ana cewa aljani ya yi magana, ba a taɓa kai shi gaban likita ko sau ɗaya ba. Yaron da aka gaya masa tun yana ɗan shekara shida cewa shi fitinanne ne, a boko a dake shi, a Islamiyya a dake shi, a gida a ɗora, yana kaiwa sha uku ya daina jin zafin bulala, ya kuma daina jin kunyar kowa. Ya fara gudun makaranta. Waɗanda za su karɓe shi hannu biyu suna nan a bakin kwalbati da kangon unguwa. Bincike ya tabbatar cewa masu larurar nan sun fi shiga haɗarin barin makaranta da haɗurran hanya da shaye-shaye. Daga nan sai a ce ya kangare, a nemi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, bayan 'yan makonni aka sake ganin irin haka a Daura. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a gyara musu hali. Hanyar da ke kai yaro can tana iya farawa daga benci, daga hannun malamin da bai taɓa tambayar dalili ba.

Na san uzurinka, Malam, kuma ban raina shi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kai kuwa an tara maka ninkin haka biyu ko uku, wasu a ƙasa, albashi ba ya kai ka tsakiyar wata. Wannan zalunci ne da gwamnatoci za su amsa. Amma yaron bai tara maka ajin ba, bai kuma riƙe maka albashi ba, don me shi zai biya? Kuma yawancin abin da yake bukata daga gare ka ba ya cin ko kwabo.

Ɗauke shi daga bakin taga da layin baya, inda ka jefa shi don ka huta, ka dawo da shi gaba kusa da teburinka, tsakanin yara biyu masu natsuwa. Idan za ka ba shi umarni, kira sunansa, ka bari ya dube ka, ka faɗi abu guda, ka ce ya maimaita maka. Lissafi goma da ka ba aji, shi ka ce ya yi uku ya kawo ka gani, sannan ya koma ya yi uku. Aikin bai ragu ba, an dai yanka masa shi daidai loma. Jikinsa na bukatar motsi, kuma zai motsa ko ka so ko ka ƙi, to ka ba motsin aiki: shi ne mai goge allo, mai raba littattafai, mai kai rajista ofis. Ku yi wata alama tsakaninku, kamar ka ƙwanƙwasa bencinsa da yatsa in ka zo wucewa, ya san ana cewa dawo da hankalinka, ba tare da aji ya yi masa dariya ba. Kada ka hana shi fita tara a matsayin horo, domin gudun da zai yi a fili shi ke sa ya iya zama bayan an dawo.

Abin da ya fi wa malamanmu wuya shi ne yabo. Mun taso a kan cewa yabon yaro yana ɓata shi. Wannan yaron kuwa ya ji zagi a shekara guda fiye da abin da wasu ke ji a duk zamansu na firamare. Ka kama shi yana yin daidai, ko na minti biyar ne, ka faɗa masa nan take, ka kuma faɗi abin da ya yi: na ga ka ɗaga hannu ka jira, madalla. Ladan da zai zo ƙarshen zango bai da amfani a wurinsa, sai na yanzu. In ya yi laifi a hukunta shi, ban ce a zuba masa ido ba, amma hukunci gajere, nan take, wanda ya san da shi tun farko, ba tare da cin mutunci ba. Akwai dabarar da aka gwada aka ga amfaninta: 'yar takarda ta kullum mai ɗauke da abu biyu ko uku da ake so ya gyara, malam ya sa alama bayan kowane darasi, yaro ya kai gida, iyaye su ba shi ɗan tukuici in ya cika. Ga babban aji kuma akwai wasan da aka fara gwadawa a wata firamare a jihar Kansas ta Amurka, aka buga sakamakonsa a 1969: a raba aji rukuni-rukuni, a bayyana dokoki kaɗan, rukunin da bai wuce adadin kuskuren da aka yanka ba ya ci lada, ko da fita tara da wuri ne. An yi ta maimaita shi a ƙasashe da dama, kuma alli da allo kawai yake bukata.

Batun magani, a bar wa likita. Tun 1937 Charles Bradley ya lura a wani asibitin yara a Amurka cewa wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa yana sa irin waɗannan yara su natsu su yi karatu. Wanda aka fi amfani da shi yau shi ne wanda aka sani da Ritalin. Babban gwajin da aka buga a 1999, kan yara 579 na tsawon wata 14, ya nuna maganin da likita ke bibiya da kyau yana rage alamomin sosai, haɗa shi da horar da iyaye da malamai kuma ya ƙara amfani a wasu fannoni kamar zaman yaro da iyayensa. Yana iya rage cin abinci ya kuma hana barci, shi ya sa ake auna nauyin yaro da tsayinsa da bugun jininsa. Ga 'yan ƙasa da shekara shida, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a fara da horar da iyaye. Masu zuwa kemis su sayo maganin mura mai sa barci su ɗura wa yaro don gida ya yi shiru, ku ji tsoron Allah, wannan cutarwa ce.

Wurin zuwa yana nan: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, asibitin Dawanau, da sassan yara da na ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika. Zuwa can ba ya nufin ɗanka mahaukaci ne. Uban da ya gwammace ɗansa ya lalace da a gan shi a layin likitan ƙwaƙwalwa, sunansa yake karewa, ba ɗansa ba. In za ku je, ku tafi da littattafan yaron da rubutaccen bayanin malaminsa na boko da na Islamiyya, don likita zai bukaci sanin halinsa a kowane wuri.

Hukumomi kuma su daina fakewa da takarda. An sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman a Janairun 2019, an sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023. Jami'ar Bayero da ta Jos suna da sassan ilimin masu bukata ta musamman, akwai kuma kwaleji sukutum a Oyo don wannan fanni. Duk da haka malamin da ke tsaye gaban yara ɗari a ƙauye, bulala ce kaɗai dabarar da ya gada. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi suna tara malamai bita lokaci-lokaci, su ware yini guda cikinta a kan wannan larura, su gayyato likitocin da ke ganin yaran su yi bayani da Hausa. Hedimasta kuwa ba ya bukatar jiran kowa. Ya tambayi kowane malamin aji sunayen yara uku da aka fi duka a zangon nan, ya sa a gwada idonsu da kunnensu, ya tambaya ko suna karyawa kafin su fito, ya kira iyayensu a zauna, sannan ya hana a sake taɓa su har sai an san abin da ke damunsu.